Gidan Antinori: Sama da Shekara 600 Ana Gado, Gandun Bai Watse Ba

A shekarar 1385 wani mutum mai suna Giovanni di Piero Antinori ya shigar da sunansa cikin rajistar ƙungiyar masu sana'ar giyar inabi ta birnin Florence, a ƙasar da yau ake kira Italiya. Daga kansa zuwa 'yan'uwa mata uku da ke riƙe da ragamar kamfanin a yanzu, wato Albiera da Allegra da Alessia, gidan na ƙirga zuriya 26. Hajar da suke sayarwa giya ce, kuma hukuncinta ga mafi yawan masu karanta wannan rubutu ba ɓoyayye ba ne. Ba tallarta ce ta kawo ni ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda dukiyar wani gida kan yi layar zana tun kafin jikoki su yi wayo, amma ta wannan gida ta wuce hannu bayan hannu har ƙarni shida, ba ta daddatse ba.

Masu tallar kamfanin sun fi son a ɗauka cewa abin a jini yake, uba ya koya wa ɗa, ɗa ya koya wa jika, shi ke nan. In aka bi tarihin a tsanake, labarin ya fi haka sarƙaƙiya, kuma inda gidan ya kusa kifewa ba a can zamanin da ba ne, a shekarun 1980 ne.

Ita kanta shekarar 1385 tana iya ruɗar mutum. A Florence ta wancan lokaci, sana'o'i a rarrabe suke cikin ƙungiyoyi, manya da ƙanana, kuma wanda ba ya cikin wata ƙungiya ba ya samun kujera a mulkin gari. Ƙungiyar masu giya tana cikin ƙananan. Manyan su ne irin ta masu alharini da ta masu canji da ba da rance, kuma a nan ne asalin arzikin Antinori yake. Fatake ne na alharini, masu harkar banki, da wakilai a wasu biranen Turai. Da wannan kuɗi ne Niccolò Antinori ya sayi katafaren gidan dutse a tsakiyar Florence a 1506, gidan da har yau yake hannunsu, ana kiransa Palazzo Antinori. Gonaki kuwa, kamar yadda attajiran birnin suka saba, wurin adana dukiya ne. Jirgin kaya na iya nutsewa, sarkin da aka ba rance na iya ƙin biya, amma ƙasa tana nan inda aka bar ta. Inabi ɗaya ne kawai daga cikin abin da gandun ke fitarwa, tare da alkama da zaitun. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 ne wasu 'yan'uwa biyu na gidan, Lodovico da Piero, suka kafa kamfani irin na zamani mai zuba giya a kwalba da sunan gida yana fitarwa kasuwa. Don haka gaskiyar magana ita ce, gidan ya yi ƙarni biyar yana da gonar inabi, ya yi ƙarni ɗaya da 'yan kai yana dogaro da ita.

To ta yaya gonakin suka tsira daga rabo a waɗannan ƙarnoni? Manyan gidajen Italiya suna da wata dabara da doka ta amince da ita a lokacin, mai suna fedecommesso. Mai gida zai rubuta wasiyya ya ɗaure ƙasarsa: ba a sayarwa, ba a rabawa, tana gangarawa ne daga babban ɗa namiji zuwa babban ɗa namiji. Ƙannen kuwa sai su nemi abin yi a coci ko a soja, mata a aurar da su da ɗan abin hannu, ko a kai su gidan zuhudu su ƙare rayuwarsu can. Tsari ne mai riƙe dukiya, amma a kan wuyan ƙanne da mata aka gina shi, kuma duk wanda ke sha'awar daɗewar irin waɗannan gidaje ya kamata ya tuna da wannan. Kundin dokar da Italiya ta yi a 1865, bayan haɗewar ƙasar, ya soke shi. Dokar gado ta yau ta keɓe wa 'ya'ya kason da uba ba shi da ikon hana su: in 'ya'ya sun wuce ɗaya kuma babu mata ko miji a raye, kashi biyu cikin uku na dukiyar nasu ne, a raba daidai, mace da namiji ɗaya. Tun daga nan kowace mutuwa a gida irin wannan ta zama jarrabawa.

Akwai kuma ginshiƙi na biyu, wato waɗanda ke yin noman. Masu gandun Tuscany, yankin da Florence take ciki, ba sa riƙe fartanya. Tsarin da ake bi shi ne mezzadria, noman raba-daidai: mai ƙasa ya ba da fili da gidan zama, manomi ya kawo ƙarfinsa da na matarsa da na 'ya'yansa, in kaka ta yi a raba amfani biyu. Manomin da iyalinsa za su ci daga fili ɗaya ba zai cika shi da inabi zalla ba. Sai ka ga layin kuringar inabi an ɗora ta a jikin bishiya, a tsakanin layi da layi ga alkama, a gefe ga zaitun, ga shanun huɗa a ɗaure a ƙarƙashin gida. Abin da ya dami manomi shi ne yawa, don rabinsa ya kai shi wata kakar. Maganar inganci ba ta taso ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wannan tsari ya rushe cikin ɗan lokaci. Masana'antu sun buɗe a Prato da Milan da Turin, samari suka ga albashin wata ya fi rabin buhu, suka bar ƙauye. A 1964 doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar raba-daidai. Masu ƙasa suka wayi gari da filaye babu manoma, da yawa suka sayar a wulaƙance. Waɗanda suka rage suka tuge tsofaffin shuke-shuke, suka dasa inabi layi-layi yadda tarakta za ta shiga, kuma a gaggauce suka zaɓi irin da ya fi zuba 'ya'ya, ba wanda ya fi kyau ba.

A cikin wannan hali ne wani Niccolò Antinori na baya, wanda ya riƙe gidan tun shekarun 1920, ya sauka ya miƙa wa ɗansa Piero, mai shekara 28, a 1966. A watan Nuwamban wannan shekara ne kogin Arno ya yi ambaliya ya shanye Florence. Amma babbar matsalar da Piero ya gada ba ta ruwa ba ce, ta suna ce.

Giyar yankinsu ana kiranta Chianti, kuma suna ne mai tarihi, tun a 1716 mai mulkin Tuscany, Cosimo na Uku, ya shata iyakar yankin da takardar hukuma. A 1872 Bettino Ricasoli, babban mai gandu wanda ya taɓa zama firaministan Italiya, ya rubuta yadda yake haɗa tasa: tushenta jan inabi mai suna Sangiovese, a ƙara Canaiolo, sannan in ana so a sha da wuri a tsarma farin inabi Malvasia, in kuma ta ajiya ce a bar farin. Shawara ce ta mai hankali. Sai dokar 1967 ta zo ta mai da zaɓi wajibi: duk abin da za a kira Chianti dole ya ƙunshi farin inabi daga kashi 10 zuwa 30 cikin 100. Dalili kuwa shi ne gonaki cike suke da farin inabi, musamman Trebbiano mai yawan haihuwa, kuma masu shi na neman inda za su zuba. Sakamakon shi ne abu tsararo, mai kashe launi, wanda ba ya jure ajiya. Ana zuba shi a wata kwalba mai ƙaton ciki da dogon wuya, an saƙa mata rigar ciyawa daga gindi zuwa ƙugu, sunanta fiasco. A gidajen abinci na London da New York, in an shanye sai a soka kyandir a bakin kwalbar, kakin ya riƙa gangarowa kan ciyawar. Ta kai mutane sun fi sanin kwalbar a matsayin fitila fiye da abin da ke cikinta.

Piero yana da ma'aikaci mai suna Giacomo Tachis, ɗan yankin Piemonte, wanda ya shigo kamfanin a 1961, kuma su biyun sun riƙa neman shawarar Émile Peynaud, malamin jami'a a Bordeaux ta Faransa. Abin da suka koyo ba sihiri ba ne. A rage yawan 'ya'yan da kuringa ke ɗauka don abin da ya rage ya yi ƙarfi. A daina zuba farin inabi. A bar manyan tsofaffin gangunan da aka gada, a koma ƙananan gangunan katako na Faransa masu cin lita 225. A wata gonarsu mai suna Tignanello, a kan tudu tsakanin Florence da Siena, suka gwada. Amfanin 1971 shi ne na farko da ya fito da sunan gonar kaɗai, ya shiga kasuwa a 1974. Daga 1975 aka cire farin inabi gaba ɗaya, aka shigo da Cabernet, irin Faransa. Wanda ya je gonar a yau zai ga an farfasa farin dutsen wurin, alberese, an shimfiɗa a ƙarƙashin layukan Sangiovese, don ya riƙa mayar da hasken rana sama zuwa ga nonnan inabin su nuna sosai.

A nan ne abin ya zama caca. Tunda sun saɓa ƙa'ida, doka ta hana su sunan Chianti. Matakin da ya rage musu shi ne vino da tavola, mafi ƙasƙanci, wanda ake liƙa wa giyar da ake aunawa a jarka. Gidan da sunansa ya haɗu da Chianti tun kaka da kakanni ya fito da haja a ajin talakawa, ya kuma sa mata farashin da ya fi na masu lambar hukuma. Kasuwa ta karɓa. 'Yan jaridar Ingila da Amurka suka laƙaba wa irin wannan giya Super Tuscan. Ba su kaɗai ba ne a fagen, domin mijin 'yar'uwar mahaifiyar Piero, Mario Incisa della Rocchetta, ya daɗe yana yin tasa ta Cabernet a Bolgheri kusa da teku, mai suna Sassicaia, kuma Antinori ne suka fara kai masa ita kasuwa. A 1978 suka ƙara da Solaia, wadda amfaninta na 1997 mujallar Wine Spectator ta Amurka ta zaɓa a matsayin gwarzuwar shekara a 2000, karo na farko ga wata giyar Italiya.

Daga baya doka ce ta biyo su. A 1984 aka rage farin inabin da ake tilastawa zuwa ɗan kaɗan, a 1992 aka ƙirƙiro sabon aji mai suna IGT don irin waɗannan, a 1996 aka halatta yin Chianti Classico, wato giyar tsohon tsakiyar yankin Chianti, da Sangiovese zalla, daga 2006 kuma aka haramta sa mata farin inabin da a da ake tilastawa.

Wannan shi ne ɓangaren da ake yawan bayarwa, don yana da daɗin ji. Wanda ya fi muhimmanci a ganina shi ne abin da ya faru a cikin gida lokacin da suna ke tashe a waje.

Su uku ne 'ya'yan Niccolò: Piero, da ƙanensa Lodovico, da 'yar'uwarsu Ilaria. A farkon shekarun 1980 biyun suka nemi kasonsu. Haƙƙinsu ne, babu mai cewa sun yi laifi. Sai dai dukiyar gandu ba a aljihu take ba. Tana cikin ƙasa, da kuringa, da gangunan da ke kwance a ɗakin ƙasa suna jiran shekaru. Hanya biyu ce a gaban Piero: ko a yanka gonaki a raba, ko ya nemo kuɗin da zai sallami 'yan'uwansa. Ya zaɓi ta biyu, kuma tunda ba shi da tsabar kuɗin, sai ya sayar da kusan rabin hannun jarin kamfanin ga Whitbread, wani babban kamfanin barasa na Birtaniya da ke kasuwar hannun jari ta London. Akwai wani dalilin da shi da kansa ya sha faɗa a hirarraki: 'ya'yansa duka mata ne, suna ƙanana a lokacin, kuma bai zaci za su shiga sana'ar ba. A tunanin mutumin da aka haifa a 1938 a irin wannan gida, rashin ɗa namiji kamar alama ce ta cewa zancen ya zo ƙarshe.

Zaman bai yi daɗi ba, kuma ba don wani ya ci amanar wani ba. Agogonsu ne ba ɗaya ba. Kamfanin da ke kasuwar hannun jari dole ya nuna wa masu jari lissafi a kai a kai, kowace shekara riba ta ɗara ta bara. Ita kuwa kuringa in aka dasa ta sai ta yi shekara uku zuwa huɗu kafin ta ba da abin kirki, ta ɗauki wasu shekarun kafin ta kai ƙarfinta, sannan abin da aka matse ya kwanta shekara biyu ko uku kafin a sayar. In damina ta ɓaci, mai kishin suna kan ƙi fitar da babbar giyarsa a wannan shekara baki ɗaya, kamar yadda Antinori suka sha tsallake wasu shekaru ba su fitar da Tignanello ba. Ga akantan da ke London, wannan asara ce da aka jawo da gangan. Ga mai gandu, kare farashin shekara 20 masu zuwa ne. A farkon shekarun 1990 Whitbread ta yanke shawarar fita daga harkar, Piero ya ci bashin banki mai nauyi ya sake sayen hannun jarin. Zuwa lokacin babbar 'yarsa Albiera ta riga ta fara aiki a kamfanin.

In ana son a ga abin da zai iya faruwa da an bi ɗaya hanyar, sai a dubi Lodovico. Ba rago ba ne, ba kuma almubazzari ba. Ya ɗauki kasonsa ya kafa Ornellaia a 1981 a Bolgheri, a ƙasar da ta zo ta wajen mahaifiyarsu, kuma cikin 'yan shekaru giyarsa ta shiga sahun mafi tsada a Italiya. Amma a 1999 ya sayar da wani kaso ga kamfanin Robert Mondavi na Kalifoniya, zuwa 2002 ya fita gaba ɗaya. Shi ma Mondavi nasa labarin na gado ne. Ya bar kamfanin gidansu bayan rigima da ƙanensa Peter, ya kafa nasa a 1966, shekarar da Piero ya karɓi ragama. A 1993 ya shigar da shi kasuwar hannun jari don samun kuɗin faɗaɗawa, a 2004 kuma kamfanin Constellation ya saye shi a kan sama da dala biliyan ɗaya, iyalin suka rasa iko da sunansu na kansu. A cikin wannan hada-hada Ornellaia ta faɗa hannun Frescobaldi, wani tsohon gidan Florence da suka daɗe suna gogayya da Antinori. Ƙasar da ta fita ta ƙofar rabon gado ba ta dawo ba.

Piero ya ga wannan duka, ya kuma san lissafi. 'Ya'ya uku za su haifi jikoki, jikoki su haifi tattaɓa-kunne, kafin a ankara masu haƙƙi sun kai gommai, wani likita ne a wata ƙasa, wani bai taɓa taka gonar ba, wani bashi ya sha masa kai. A cikinsu dole a sami mai cewa a ba shi nasa. Saboda haka a 2012 ya zuba mallakar kamfanin cikin abin da Turawan Ingila ke kira trust, tsarin amana da Italiya ta fara amincewa da shi a 1992 bayan ta shiga yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Hague kan wannan tsari. Wa'adinsa shekara 90 ne. Wanda ya san wakafin zuriya zai gane shi nan take: asalin dukiya a tsare yake a hannun amintattu, ba a sayarwa ba a rabawa, zuriya na cin amfaninsa. Wato dai tsohuwar dabarar ɗaure ƙasa ce ta dawo da sabuwar riga, sai dai a wannan karo ba a ture mata da ƙanne gefe ba. A 2016 Albiera ta zama shugabar kamfanin, mace ta farko a tarihin gidan, ƙannenta biyu suna mataimaka mata.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, wanda ke tafiyar da harkokin yau da kullum ba ɗan gida ba ne. Renzo Cotarella, masanin noma da ya fara aiki da su tun yana saurayi a gandunsu na Castello della Sala a Umbria, wanda Niccolò ya saya a 1940, shi ne babban manaja tun 2005. An raba mallaka da gudanarwa. Zama ɗan gida na ba mutum rabo a riba, amma ba ya ba shi kujera.

Ban ɗauki wannan tsari a matsayin mara aibu ba. Mutumin da za a haifa a 2040 zai tarar kakan kakansa ya riga ya yanke masa hukunci kan dukiyar da sunansa ke kai. In yana da wata basira ta daban, yana son jari ya kafa nasa kamar yadda Lodovico ya yi, ƙofar a kulle take. Kuma ba kowane gida ne zai iya kwaikwayo ba. Antinori sun iya sallamar magada ne saboda banki ya yarda da sunansu da ƙasarsu, ƙasar da aka tara da kuɗin alharini kuma talakawa suka nome ta ƙarni bayan ƙarni a kan rabin amfani. Ƙaramin manomin Chianti mai hekta biyar da 'ya'ya uku ba shi da wannan gata, shi ya sa da yawa daga cikin gonakin yankin suka koma hannun baƙi daga Milan da Ingila da Jamus da Amurka.

A shekarar da aka kafa amanar ne kuma suka buɗe sabuwar hedikwata a Bargino, kudu da Florence, suka kwashe ofisoshi daga birni zuwa can. An haƙa ginin ne a cikin tudu, aka mayar da ƙasa a kan rufin aka dasa inabi, ta yadda mai wucewa a babbar hanyar Siena ba ya ganin komai sai tsaga biyu a jikin tudun.

Yanzu gidan ya koma mai sayen gandun wasu. Sun sayi Prunotto a Piemonte a 1989, suka shiga Puglia a kudu a 1998. Misali mafi girma shi ne Stag's Leap Wine Cellars da ke kwarin Napa a Kalifoniya, wanda Warren Winiarski ya kafa a 1970, kuma giyarsa ta kayar da manyan na Faransa a wata gasar ɗanɗano da aka yi a Paris a 1976. Winiarski ya sayar a 2007 a kan dala miliyan 185, tun yana raye, gandun bai kai ga zuriya ta biyu ba. Masu sayen su ne kamfanin Ste. Michelle na Amurka da Antinori a matsayin ƙaramin abokin tarayya. A 2021 wani kamfanin masu zuba jari ya saye Ste. Michelle ɗin kanta, a 2023 kuma Antinori suka biya suka karɓe Stag's Leap gaba ɗaya.

Sun yi wannan saye ne a lokacin da kasuwar ke tsukewa. A shekarun 1960 abin da ɗan Italiya ke sha a shekara, in aka raba bisa yawan jama'a, ya haura lita 100. Yau bai kai rabin haka ba, kuma matasan Turai da Amurka na ƙara ja da baya. Zafi ma ya ƙaru a Tuscany, kakar inabi na matsowa da wuri, masu gonaki na neman filaye a kan tudu mafi tsawo. Takardar amanar ta hana magada sayarwa har zuwa 2102, kuma wasu daga cikin jikokin Piero, zuriya ta 27, sun riga sun fara aiki a kamfanin.